Gobara ba ta jiran motar ƴan kwana-kwana

Ƴan uwa, duk shekara abin guda ne. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ko zafin Afrilu ya kama, sai hotuna su fara yawo a WhatsApp da Facebook: hayaƙi ya turnuƙe, maza na gudu da bokitai, mata na salati, motar ƴan kwana-kwana ta maƙale a bakin lungu. A rubuta "Allah ya mayar da alheri" sau ɗari biyar ƙarƙashin hoton, bayan kwana uku a koma wani zancen. Addu'a ta dace. Abin da ke damuna shi ne daga ita ba mu ƙara komai.

Manyan gobara mun san su. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, aka sake gina ta, wuta ta sake shiga cikinta a 2009. Ranar 13 ga Afrilu 2021 yara kusan 20 suka mutu cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu a irin wannan hali. Waɗannan su ne suka kai kunnen duniya. Gobarar cikin gida kuwa, wadda ke cinye ɗaki biyu da jariri ɗaya a tsakar dare, ba ta wuce unguwar da ta faru. Kan ita nake so mu yi magana yau, da kuma wata na'ura da yawancinmu mun taɓa gani a rufin otal ko filin jirgi ba mu tambayi aikinta ba.

Amma mu fara da ita wutar. Ɗakin kakanninmu tabarma ce da gadon kara da tukwane. Ɗakinmu na yau katifar soso ce, kujerun soso, labule na leda, gidan sauro, kafet, filafon na roba ko na katako. Soso da roba duk daga man fetur aka yi su, kuma haka suke ci. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna ɗaki mai irin waɗannan kaya yana iya kamawa baki ɗaya cikin ƙasa da minti 5. Hayaƙi mai zafi ke taruwa a sama, ya yi ta gasa kayan da ke ƙasa har komai ya kama lokaci guda. Kafin ma a kai nan, hayaƙin soso mai guba ya riga ya gama da wanda ke barci. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa ba harshen wuta ne ya fara taɓa su ba, hayaƙi ne.

To yi lissafi da kanka. Wani ya farka, ya yi ihu, an nemo waya, an buga 18. Motar ta taso daga bariki, ta ratsa kabu-kabu da amalanke, ta iso unguwar da aka yanka filaye ba tare da an bar hanya mai faɗi ba. Ko da sojojin nan sun yi gudun ransu, kuma suna yi, minti biyar ɗin nan sun wuce tuni. Abin da suke iya cetowa shi ne gidajen maƙwabta. Duk abin da zai ceci mutanen cikin ɗakin dole ya kasance yana cikin ɗakin tun kafin wutar ta tashi.

Nan ne wannan na'ura ta shigo. Turawa na ce mata sifirinkila, ni zan ce mata kan feshi. Abin ba shi da wata kwamfuta ko sihiri. Ana bi da bututu ta cikin rufi, cike da ruwa mai ƙarfi, a kowane ɗaki a saka mashi kai guda ko biyu. Bakin kan a toshe yake, kuma abin da ke riƙe da murfin wata ƴar kwalba ce siririya, ba ta kai ɗan yatsa ba, da ruwa mai launi a ciki. Idan zafi ya kai wani mataki sai ruwan cikin kwalbar ya kumbura, kwalbar ta fashe, murfin ya faɗi, ruwa ya bugi wani ɗan faranti mai haƙora ya watsu cikin ɗakin kamar ruwan sama. Shi ke nan. Ba ya buƙatar wani ya farka, ba ya buƙatar wani ya danna komai.

Launin kwalbar shi ke gaya maka zafin da take fashewa: ruwan lemo digiri 57, ja digiri 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi, don nan ne wanda ya kwafo tsarin Turai ido rufe zai sha mamaki.

Finafinai sun ɓata wa abin suna. A fim za ka ga wani ya kunna ashana, duk benen ya jiƙe. Ƙarya ce. Kowane kai zaman kanshi yake, sai wanda zafi ya kai gare shi ne ke buɗewa. Hayaƙin turaren wuta ba ya buɗe shi, ƙaurin tuwo ba ya buɗe shi. A mafi yawan gobarar gida kai ɗaya ko biyu ne ke aiki, su danne wutar ko su kashe ta. Kai guda na fitar da kusan lita 50 a minti, alhali tiyon ƴan kwana-kwana na zubar da ɗaruruwan lita a minti kan gidan da ya riga ya ƙone. Mai tsoron kada ruwa ya ɓata mashi kafet ya kwatanta biyun.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke, Henry Parmelee, ya ƙera irinshi a 1874 don ya kare masana'antarshi ta kayan kiɗa, Frederick Grinnell ya gyara shi a 1881. Shekara kusan ɗari yana aiki a masana'antu da rumbunan ajiya, don kamfanonin inshora sun gane yana rage masu asara. Sai daga baya aka ce, in yana kare kaya me zai hana ya kare mutane? Jihar Kaliforniya ta wajabta shi a sababbin gidaje tun 2011. Yankin Wales na Birtaniya ya yi haka daga farkon 2016. Ingila kuwa sai da benen Grenfell ya ƙone a Landan a watan Yunin 2017, mutum 72 suka mutu, sannan a 2020 aka sauko da dokar: duk sabon benen zama da ya wuce mita 11 sai an saka mashi, maimakon mita 30 na da. Su ma, kun gani, sai da suka binne mutane. Alƙaluman ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, sun nuna mace-mace na raguwa da fiye da kashi 80 cikin ɗari a gobarar da ta tashi inda akwai kan feshi.

Yanzu na san abin da ke bakin mutumin Damagaram. Zai ce, malam, famfonmu sai ya kwana uku bai ɗigo ba, mata na tashi ƙarfe biyu na dare su tari ruwa, muna saye hannun ƴan garuwa, kai kana zancen ruwa ya zubo daga rufi? Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya zo sayar da wannan na'ura bai amsa wannan tambaya ba ɗan damfara ne. Mu duba lissafin.

Ƙa'idar da ake bi wa gidajen zama a Amurka tana neman ruwan da zai ishi kai biyu na tsawon minti 10. Manufar ita ce mutane su samu fita da ransu. Kai biyu, lita 50 kowane, minti 10: lita 1000 ke nan. Tano biyar. Bido 40 masu cin lita 25. Wannan ba teku ba ne. Gidaje da yawa a Yamai da Maraɗi suna da tankin da ya kai haka ko ya fi. Kuma akwai dabara mai sauƙi da ake yi a manyan gine-gine: bututun da ke kai ruwa kicin da bayi a ɗora shi a tsakiyar tanki, na kashe gobara a saka shi can ƙasa. Ko an ɗauke ruwa sati guda, ko yara sun bar famfo a buɗe, rabin ƙasa na nan ba mai iya taɓa shi. Ruwan ajiya ne, ba ruwan da ake kashewa kullum ba.

Matsalar gaske ita ce ƙarfin ruwan. Kan feshi na buƙatar aƙalla rabin bar kafin ya watsa ruwa yadda ya kamata, kuma rabin bar daidai yake da tankin da ke sama da kan da mita 5. Wannan ma ba a lissafa ƙarfin da ke ɓacewa a cikin bututu ba. Tankin da aka ɗora kan rufin gida mai hawa ɗaya, mita ɗaya ko biyu sama da filafon, zai yi ta tsiyaya ne kamar buta mai huji. Saboda haka ko dai a gina shato mai tsawo sosai, ko a saka injin tura ruwa mai tashi da kanshi da zarar ƙarfin ruwa ya sauka. Injin kuma yana son kuran. Mu da muka ga yadda aka yi da wutar NIGELEC bayan Najeriya ta katse layinta a 2023, ba sai an yi mana bayani ba. Ƙari a kan haka, gobara da yawa lokacin ɗauke wuta take tashi, daga kyandir, ko kuma lokacin da wutar ta dawo ta tarar da dutsen guga a kunne. Injin da ba shi da batir nashi na kanshi, ko gurup mai tashi da kanshi, ado ne kawai. Abin daɗin shi ne aikin minti 10 ne ake nema, kuma batiran sola yanzu sun cika kasuwa.

Sai maganar launi. Jar kwalba, mai digiri 68, ita ce aka fi sakawa a Turai, kuma ita ce ɗan kasuwa zai fara kawo mana. Amma ƙa'ida ta ce irin wannan kai na wuraren da zafin rufinsu ba ya wuce digiri 38 ne. A Tawa ko Yamai cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce 40. Ƙarƙashin kwano da tsakar rana fa? Kwalbar da ke shan irin wannan gashi shekara da shekaru tana raunana, wata rana ta fashe ba wuta ba hayaƙi, maigida ya fusata ya rufe ruwan gaba ɗaya. A ɗakin da ke ƙarƙashin kwano rawaya ko kore ya kamata a saka, masu jure zafin rufi har digiri 66. Ƙaramin abu ne, amma shi ke raba aikin injiniya da aikin ɗan kwangilar da ya gani a intanet.

Sauran ƙa'idodin sakawa ba su da wuya, sai dai ba a wasa da su. Bututun ƙarfe ake sakawa, ko wata roba ta musamman da ake kira CPVC wadda aka yi don wannan aiki. Farin bututun roba da muke jan ruwan bayi da shi narkewa zai yi. Kai guda yana rufe ɗaki mai faɗin mita 4 zuwa 5 kowane gefe, falo babba na son biyu. A nisanta shi da fanka kamar mita guda don kada ta tare ruwan. Kada a jibga kaya kan kabad har su kusa taɓa shi, a bar kamar santimita 45 a ƙasanshi. Ba a shafa mashi fenti, ba a rataya mashi gidan sauro. Inda babu filafon, akwai irin wanda ake kafawa jikin bango. Ruwanmu na da yashi, sai an saka mataci. Kuma lokacin gini ya fi arha nesa ba kusa ba, tun kafin a rufe filafon. A ƙasashen da abin ya zama ruwan dare ana lissafa shi kusan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kuɗin ginin. A nan zai fi haka, don komai shigo da shi za a yi, ga tanki ga inji. Amma wanda ya iya sayo tayil daga Dubai ya kafa ƙofar ƙarfe mai ado, kada ya ce mani kuɗi ne suka hana shi.

Wani abu da ya ba ni mamaki cikin alƙaluman Amurka: inda na'urar ta ƙi aiki, a fiye da rabin lokutan dalilin shi ne wani ya rufe makunnin ruwan bai buɗe ba. A ƙasar da ake da masu zuwa dubawa ke nan. Mu da muka saba ganin tukunyar kashe wuta rataye a ofis ta shekara goma ba wanda ya duba ta, sai mu san cewa sayen kaya shi ne mai sauƙin.

To wa nake cewa ya saka? Ba zan zo in ce wa mai ɗakin haya guda a bayan gari ya nemo tano biyar da inji ba, rashin kunya ne. Amma dubi benayen da ke tashi a Yamai da Maraɗi shekarun nan: hawa uku, hawa huɗu, shaguna a ƙasa, iyalai a sama, matakala guda ɗaya tak, kowace taga an lafta mata ƙarfe don ɓarayi. Idan wuta ta kama a shagon ƙasa, matakalar ita ce ke zama bututun hayaƙi. Mutanen sama ta ina za su bi? Mai irin wannan gini yana da kuɗi, yana karɓar haya duk wata, kuma ba shi ne ke kwana a ciki ba. Shi ya kamata doka ta kama. Haka otal-otal, ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'i, makarantun kwana, ɗakunan haihuwa da na jinya inda mutum ba ya iya tashi ya gudu, da gidajen da gomnati ke ginawa da yawa lokaci guda, inda shato ɗaya mai tsawo zai iya ɗaukar unguwa sukutum. Kasuwanni ma haka. Duk kasuwar da za a sake ginawa da kuɗin jama'a ba tare da tankin gobara da kan feshi ba, an gina ta ne don a sake gina ta.

Hanyar kama su tana nan: izinin gini. Takarda ce da ake nema a ma'aikatar magajin gari, kuma muna da hukumar kare fararen hula da ke da masu ilimin abin. Abin da muke nema shi ne kada a sa hannu kan bene na zama ko ginin da ke tara jama'a sai an ga tsarin gobararshi a zane, kuma kada a bari a shiga sai an zo an gwada an ga ruwa ya fito. A kuma cire kuɗin kwastan a kan waɗannan kaya. Makarantun koyon sana'a su koya wa masu aikin famfo yadda ake sakawa da gyarawa, don in ba haka ba duk kan da ya lalace sai an jira wani daga waje, ga kuma matasa zaune ba aiki.

Azuzuwan zana kuwa wani zance ne daban, kuma ba na so wani jami'i ya ɓuya bayan na'ura. Zana da kara ba su da rufin da za a rataya bututu, kuma suna cinyewa kafin kwalba ta fashe. Bayan gobarar 2021 hukumomi da kansu sun ambaci azuzuwa kusan 36,000 irin waɗannan a faɗin ƙasa. Maganinsu bulo ne da siminti da ƙofa biyu.

Akwai kuma inda ruwa kanshi ba ya taimako. Mu a kudu mun san ruwa-ruwa, mun san gidajen da ake ajiye bidunan fetur a zaure ko ƙarƙashin gado, babur na kwana a ɗaki ɗaya da yara. Fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Babu kan feshin gida da aka yi don wannan. Haka man gyaɗa da ya kama a kasko: ba a watsa mashi ruwa, a kashe wutar a rufe shi da murfi. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011 gas ya shiga gidaje da yawa, kuma abu ne mai kyau don ya rage saran itace. Amma tiyon gas yana da ranar ƙarewa a rubuce jikinshi, je ka duba naka. In kana zargin yoyo, kumfar sabulu ake shafawa, ba ashana ake ƙyastawa ba.

Ga wanda kan feshi ya fi ƙarfinshi, wato yawancinmu, akwai ƙanenshi mai arha: ƴar na'urar jin hayaƙi, mai aiki da batir, girmanta kamar ƙaramin faranti. Kusa biyu ake kafa ta da su a rufi. Ba ta kashe wuta, ihu kawai take yi, amma ihun nan shi ne ke tada mai barci tun yana iya tsayuwa da ƙafafunshi. A ƙasashen da ake saka kan feshi ma ba a raba su, tare suke tafiya, don hayaƙi na riga zafi isowa. Faransa ta wajabta ta a kowane gida tun 2015. Ƴan kasuwarmu da ke cika kwantena da caja da fitilun ado za su iya kawo ta gobe in sun ga ana tambaya. Ku riƙa tambaya a shagunan kayan kuran, ko da za a ce babu.

Sannan ƙarfen taga. A kowane ɗakin kwana a samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, aikin yini guda ne wurin mai walda. Makullin ƙofar gida a ajiye shi wuri guda da kowa ya sani, har yara, wurin da hannu zai same shi cikin duhu.

Masu neman haya a bene, kafin ku biya kuɗin wata uku na gaba, ku hau har sama ku ƙirga matakala. In guda ce, ku tambayi mai gidan ta ina ake fita idan shagon ƙasa ya kama, ku ɗauki hoton ginin, ku turo mana amsar da ya ba ku tare da sunan unguwar. Da su za mu je ma'aikatar magajin gari.